Muhammad Asad: Jikan malamin Yahudawa da ya leƙa gurguzu, ya ƙare da fassara Alƙur'ani

A ranar 20 ga watan Fabrairun 1992 ne wani dattijo mai shekara 91 ya rasu a garin Mijas da ke kudancin Sifaniya, aka kai gawarsa maƙabartar Musulmi ta birnin Garanada aka binne.

Sunan da iyayensa suka raɗa masa shi ne Leopold Weiss, amma duniya ta fi saninsa da Muhammad Asad. Ya yi aikin jarida, ya zauna a fadar Sarki Abdul'aziz na Saudiyya, ya yi kusan shekara shida a tsare, ya wakilci Pakistan a Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan ya fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Ingilishi.

Ba kasafai ake jin sunansa a fadojin matasa na Matamaye ko Damagaram ba, domin da Jamusanci da Ingilishi ya yi rubuce-rubucensa. Sai dai tambayar da ta hana shi zama wuri ɗaya ba baƙuwa ba ce ga matashin da ya bar gida neman na kansa: idan mutum ya samu abin sawa a baki, saura me?

Gidan da ya fito

An haife shi a ranar 2 ga watan Yulin 1900 a birnin Lemberg, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya birnin ya koma cikin ƙasar Folan da sunan Lwow, yau kuma yana cikin Yukren ana kiransa Lviv. Wato garin haihuwarsa ma kansa ya sha canza ƙasa da suna.

Iyayensa Yahudawa ne masu rufin asiri. Kakansa na wajen uba babban malamin addinin Yahudu ne a birnin Czernowitz, kuma gidan ya daɗe yana fitar da malamai. Mahaifinsa ne ya karya wannan layi ya zama lauya. Mahaifiyarsa kuwa ƴar wani mai banki ce.

Duk da haka an ɗauko masa malamai har gida. Kafin ya wuce shekara 13 ya iya Ibrananci da Aramiyanci, ya karanta Attaura da littattafan sharhinta, ban da Jamusanci da harshen Folan da ake magana da su a gida. Wannan karatu ne daga baya ya sauƙaƙa masa koyon Larabci, kasancewar harsunan dangin juna ne.

Amma karatun bai zaunar masa da imani ba. Daga baya ya bayyana cewa abin da ya dame shi tun yana yaro shi ne yadda aka nuna masa Ubangiji kamar wanda hankalinsa yake kan al'umma ɗaya kawai. Kafin ya balaga ya riga ya yi sanyi da addinin gidansu.

A 1914 iyalin suka koma Biyana, babban birnin Ostiriya. A shekarar ce yaƙi ya ɓarke, yaron ya gudu daga makaranta ya shiga soja da sunan ƙarya, yana ɗan shekara 14. Mahaifinsa ya bi sawunsa aka dawo da shi gida. Da shekarunsa suka kai aka kira shi aikin soja a 1918, sai daular ta rushe kafin ya ga fagen daga.

Matasan da suka rasa madafa

Yaƙin ya ci miliyoyin rayuka, ya kuma tafi da yardar da matasan Turai suke yi wa sarakunansu da malaman addininsu. A gidajen shan gahawa na Biyana da Balin, abubuwa biyu ne suka mamaye hira: koyarwar Sigmund Freud kan abin da ke ɓoye a zuciyar ɗan Adam, da kuma aƙidar gurguzu, wadda juyin juya halin Rasha na 1917 ya mayar da ita gwamnati.

Leopold ya shiga Jami'ar Biyana yana karanta falsafa da tarihin zane-zane, amma bai gama ba. A 1920 ya bar karatun ba da son mahaifinsa ba, ya nufi Balin da niyyar zama marubuci.

A can ya ɗanɗana abin da duk ɗan ci-rani ya sani: yunwa, bashin kuɗin ɗaki, da yawon neman aiki. Ya ɗan yi aiki da fitaccen mai shirya fim F. W. Murnau, daga baya ya samu gurbin mai ɗaga waya a wani kamfanin dillancin labarai mai suna United Telegraph.

A 1921 ne ƙofa ta buɗe masa. Yunwa mai tsanani ta afka wa yankin kogin Bolga na Rasha, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum kusan miliyan biyar. Matar shahararren marubucin nan Maxim Gorky ta shigo Balin a ɓoye tana neman agaji. Leopold ya samu labari, ya lallaɓa har ya gana da ita, ta faɗa masa girman bala'in. Da labarin ya fita, sai aka ɗauke shi daga kan waya aka mayar da shi cikakken ɗan jarida.

Ke nan babban labarinsa na farko a aikin jarida shi ne na yunwa a ƙasar da ta yi wa talaka alƙawarin ƙoshi.

Ƙudus da rigimarsa da ƴan uwansa

A 1922 kawunsa Dorian Feigenbaum, likitan ƙwaƙwalwa da ke aiki a birnin Ƙudus, ya gayyace shi ziyara. Ya tafi da nufin ɗan hutu, ya sauka a gidan kawun nasa kusa da Ƙofar Jaffa a tsohon gari.

A lokacin Falasɗinu tana hannun Ingila, kuma ƙungiyar Sahayoniyawa tana ta kwaso Yahudawan Turai domin kafa ƙasa. An zaci saurayin zai shiga sahu. Sai ya ƙi.

Ya tunkari manyan tafiyar, ciki har da Chaim Weizmann wanda daga baya ya zama shugaban Isra'ila na farko, ya tambaye su yadda za su yi da Larabawa, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar. Amsar da ya samu ba ta gamsar da shi ba. Tun daga nan ya ɗauki aikin a matsayin wani reshe na mulkin mallakar Turawa, kuma bai canza ra'ayi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Irin wannan ra'ayi yana da haɗari a wancan zamani. Abokinsa Jacob de Haan, Bayahude ɗan Holan mai adawa da Sahayoniyanci, ƴan ƙungiyar Haganah suka harbe shi a Ƙudus a 1924.

Daga Ƙudus ya fara aika rahotanni ga Frankfurter Zeitung, ɗaya daga cikin manyan jaridun Turai na lokacin. A 1924 ya tara abin da ya gani a littafinsa na farko cikin Jamusanci.

Ba littafi ne ya fara jan hankalinsa zuwa ga Musulunci ba, mutane ne. Ya ba da labarin wani Balaraben ƙauye da suka haɗu a jirgin ƙasa, wanda ya gutsura gurasarsa biyu ya miƙa masa rabi ba tare da ya san ko shi wane ne ba. Ya kuma riƙa kallon wani tsoho da ke limanci ga masu ɗaukar kaya a kusa da masaukinsa, har wata rana ya tambaye shi dalilin ruku'u da sujada. Tsohon ya fahimtar da shi cewa tunda Allah ya halicci jiki da rai tare, tare ya kamata su bauta masa.

Wannan batu na haɗa jiki da rai, duniya da lahira, shi ne ya zama ginshiƙin tunaninsa.

Abin da ya gani a Tarayyar Sobiyet

Jaridar ta sake tura shi Gabas a 1924, tafiyar da ta ɗauke shi kusan shekara biyu. A Alƙahira ya saba da Shaikh Mustafa al-Maraghi, wanda daga baya ya zama shugaban Azhar, ya kuma duƙufa kan Larabci. Ya ratsa Sham da Iraƙi da Iran da Afganistan, galibi a kan doki.

A wani ƙauye na tsakiyar Afganistan, ya yi wa wani hakimi doguwar magana cikin zafin rai kan yadda Musulmi suka yi sakaci da koyarwar Annabinsu har suka koma baya. Hakimin ya saurare shi, sannan ya shaida masa cewa ai shi Musulmi ne, bai dai sani ba. Ya musa, amma maganar ta zauna masa.

Hanyarsa ta komawa Turai ta bi ta cikin Tarayyar Sobiyet, ta Marwa da Samarƙand da Bukhara da Tashkent har zuwa Mosko. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Tsarin da abokansa na Balin suke ta muhawara a kansa, ga shi yanzu a gabansa, kuma a garuruwan da suka fitar da manyan malaman Musulunci irin su Imam Bukhari.

A tashar jirgin ƙasa ta Marwa ya ci karo da wani ƙaton hoton farfaganda, inda aka zana matashin ma'aikaci yana shure wani tsoho mai farin gemu daga cikin gajimare, alamar cewa ma'aikata sun kori Ubangiji daga sama. Gwamnati ce take ɗaukar nauyin yaƙi da addini a fili.

Damuwar ƴan gurguzu kan zaluncin da ake yi wa talaka ba ta zame masa abin wasa ba, domin shi ma ya kwana da yunwa. Inda suka rabu shi ne maganin. A ganinsa gurguzu da jari-hujja uwa ɗaya ta haife su, domin dukansu sun mayar da abin duniya ma'aunin komai, bambancin kawai shi ne wanda zai riƙe dukiyar. Abin da yake nema shi ne tsarin da zai yi adalci a kasuwa da kotu ba tare da ya ce wa mutum ba shi da rai ba.

Wannan muhawara ta iso ƙasar Hausa daga baya. A Nijar, bayan an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, an tura matasanta samun horo a ƙasashe irin su Sin da Biyetnam ta Arewa, kuma mafi yawansu ƴaƴan Musulmi ne da ba su ga dalilin barin salla don neman ƴancin talaka ba. Leopold ya gamu da tambayar shekara talatin da wani abu kafin su.

Ranar da ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa

Da ya koma Balin ya auri Elsa Schiemann, wata mai zane da ke da ɗa guda, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Tare suke karanta fassarar Alƙur'ani suna tattaunawa.

Wata rana a watan Satumban 1926 suna cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ya tsura wa wani mutum ido, mai kyakkyawar shiga da zoben alfarma. Lokacin tattalin arzikin Jamus ya farfaɗo, mutane sun samu sauƙi. Amma fuskar mutumin kamar ta wanda ake gana wa azaba. Ya duba sauran fasinjojin, ya ga duk haka suke. Ya nuna wa Elsa, ita ma ta gani.

Da suka isa gida ya tarar da Alƙur'anin da ya bari a buɗe kan tebur. Zai rufe ke nan idonsa ya faɗa kan Suratut Takasur, wadda take gargaɗi kan yadda rige-rigen tara abin duniya ke shagaltar da mutane har su isa kabari. Ya ga cewa abin da ya baro a jirgi ne ake siffantawa, ya kuma yanke cewa mutumin da ya rayu a Makka ƙarni 13 da suka wuce ba zai iya hango wannan da dabarar kansa ba.

Ya je wurin shugaban ƴar ƙaramar al'ummar Musulmin Balin, wani Ba'indiye mai suna Abdul Jabbar Kheiri, ya karɓi kalmar shahada. Da yake farkon sunansa, Leo, yana nufin zaki a Latin, sai aka ba shi Asad, wato zaki da Larabci. Bayan ƴan makonni Elsa ma ta musulunta.

Matakin ya ja masa asara nan take. Mahaifinsa ya yanke hulɗa da shi, ƴar uwarsa ma haka. Sai wajen 1935 uban ya sauko suka koma musayar wasiƙu, amma ba su sake haɗa ido ba.

Shekara shida a ƙasar Larabawa

A 1927 ya tafi aikin Hajji tare da Elsa da ɗanta. Zamanin ne da alhazan ƙasar Hausa suke shafe shekaru a ƙasa ta Chadi da Sudan kafin su ga Ka'aba. Kwana tara da isarsu Makka, Elsa ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, aka binne ta a can.

Cikin wannan baƙin ciki ne ya haɗu da Yarima Faisal a ɗakin karatu na Harami, shi kuma ya kai shi gaban mahaifinsa Sarki Abdul'aziz. Sarkin ya ja shi a jiki, ya ba shi izinin yawo a yankin Najadu, inda ba a cika barin baƙi su shiga ba.

Ya yi karatun hadisi a Madina, ya zauna da Larabawan ƙauye yana koyon harshensu daga bakinsu, yana kuma aika rahotanni ga jaridun Suwizalan da Jamus da Holan. A 1929, lokacin tawayen mayaƙan Ikhwan, Sarkin ya tura shi Kuwait a asirce domin gano inda madugun tawayen, Faisal al-Dawish, yake samun makamai da kuɗi. Ya auri wata Balarabiya mai suna Munira, wadda ta haifa masa ɗansa Talal a 1932. Talal Asad ya zama sanannen malamin jami'a a fannin nazarin al'umma.

A Madina ya shaƙu da Sayyid Ahmad al-Sharif, jagoran ɗariƙar Sanusiyya da ke gudun hijira a can. Mutanen Nijar sun san wannan ɗariƙa, domin da goyon bayanta ne Kawsan ya yi wa sansanin Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disamban 1916, har sai da aka turo dakaru daga Damagaram a watan Maris na 1917.

Bisa labarin da Asad ya bayar, Sayyid Ahmad ya aike shi Libiya a farkon 1931 domin ya gana da Umar Mukhtar, ya ga ta yadda za a taimaka wa mayaƙan da ke fafatawa da Italiya. Ya ce ya tsallaka ta Masar ya same shi a tsaunukan Jabal Akhdar, amma ya tarar an riga an toshe kowace hanya. A ranar 16 ga watan Satumban shekarar Italiyawa suka rataye Umar Mukhtar.

Zamansa a Saudiyya bai hana shi ganin aibu ba. Ya so Sarki Abdul'aziz, amma ya rubuta cewa ya yi fatan ganin farfaɗowar Musulunci, sai ya ga an kafa masarauta kawai.

Indiya, kurkuku da mutuwar iyalinsa

A 1932 ya bar ƙasar Larabawa zuwa Indiya da niyyar wucewa gaba. Mawaƙi kuma masanin falsafa Muhammad Iqbal ne ya shawo kansa ya tsaya, domin ya taimaka wajen tsara tunanin ƙasar Musulmi da ake mafarkin kafawa.

A 1934 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi mai suna Islam at the Crossroads, inda ya gargaɗi Musulmi kan kwaikwayon Turawa ido rufe, ya kuma kare matsayin Sunna. Littafin ya yi tasiri sosai bayan an fassara shi zuwa Larabci. Ya kuma fara fassara Sahihul Bukhari zuwa Ingilishi tare da sharhi.

Sai yaƙi ya sake katse masa hanzari. Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya a 1938, don haka da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a watan Satumban 1939, Turawan Ingila suka kama shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba. Aka tsare shi tare da Jamusawa, waɗanda da yawansu magoya bayan Hitler ne. Wani attajiri, Chaudhry Niaz Ali Khan, shi ya riƙe masa matarsa da ɗansa.

Kafin a kama shi ya yi ta fafutukar fito da mahaifinsa da ƴar uwarsa daga Biyana, abin bai yiwu ba. A 1942 ƴan Nazi suka kwashe su zuwa sansanin Theresienstadt. Mahaifinsa da ƴar uwarsa da matar uban duk sun mutu a hannun ƴan Nazi. Shi kuwa bai fito ba sai da yaƙin ya ƙare a 1945.

Bayan shekara biyu aka raba Indiya da Pakistan, aka yi kashe-kashen da suka tilasta wa miliyoyin mutane ƙaura. Asad da iyalinsa suka tsere zuwa Lahore. A cikin hargitsin aka wawashe ɗakin karatunsa, mafi yawan aikin Bukharin da ya shafe shekaru yana yi ya salwanta. Ya ce da idonsa ya ga wasu takardunsa suna yawo a kan kogin Ravi. Kashi biyar kawai aka buga daga cikin arba'in da ya tsara.

Pakistan da murabus

Sabuwar ƙasar ta ba shi shugabancin wata hukuma da aka ɗora wa nazarin yadda za a gina ƙasa bisa koyarwar Musulunci. Ya dage cewa Alƙur'ani da Sunna ba su ƙayyade siffar gwamnati guda ɗaya ba, sun dai kafa ƙa'idoji, kuma shawara tana nufin majalisar da jama'a suka zaɓa, maza da mata. Ya faɗaɗa wannan ra'ayi a wani littafi da ya fitar a 1961.

Daga nan aka mayar da shi ma'aikatar harkokin waje, ya shugabanci sashen Gabas ta Tsakiya. Ana yawan cewa shi ne mutum na farko da aka bai wa fasfon Pakistan. A 1952 aka tura shi Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Niyok, inda ya mara wa ƙasashen Arewacin Afirka baya a fafutukarsu ta neman ƴanci daga Faransa.

A can ya haɗu da Pola Hamida, Ba'amurkiya mai asali da Folan wadda ta musulunta. Ya nemi izinin aurenta kamar yadda dokar aiki ta tanada, ma'aikatar ta hana. Sai ya ajiye aikin, ya rabu da Munira, ya auri Pola a ƙarshen shekarar. Rabuwar ta bar tabo a iyalinsa, ta kuma bai wa masu jin haushinsa abin faɗa, har aka riƙa yaɗa cewa ya koma Yahudanci.

Yana cikin rashin aiki da kuɗi ne ya rubuta The Road to Mecca, wanda ya fito a 1954. Littafin ya samu karɓuwa ƙwarai, an fassara shi zuwa harsuna da dama ciki har da Larabci da Faransanci. A cikinsa ne mafi yawan labaran ƙuruciyarsa suka fito, kuma wasu masana tarihi suna ganin ya ƙawata wasu wuraren.

Fassarar da ta jawo masa suka

Yana da shekara kusan 60 ya fara aikin da ya ɗauke shi shekara 17, wato fassara da sharhin Alƙur'ani. Ya fara a Suwizalan, ya ci gaba a birnin Tanja na Maroko, inda ya zauna kusan shekara 19.

Da farko ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ce ta ɗauki nauyin aikin, aka buga surori tara na farko a 1964. Da malamai suka duba, sai gardama ta tashi.

Asad ya jingina sosai da tafsirin Zamakhshari da Razi da Muhammad Abduh, ya kuma bai wa hankali fili mai faɗi. Ya fassara wasu mu'ujizozi a matsayin misali, kamar jefa Annabi Ibrahim cikin wuta. Ya ɗauki Isra'i da Mi'iraji a matsayin tafiyar ruhi. Bai yarda an ɗauke Annabi Isa zuwa sama da jikinsa ba, kuma a wurare da dama ya ba kalmar aljan wata ma'ana dabam. Ya kuma ƙi yarda cewa wata aya tana shafe hukuncin wata a cikin Alƙur'ani.

Waɗannan ra'ayoyi sun saɓa wa abin da jumhurin malaman Sunna suke a kai, ciki har da malaman Malikiyya na ƙasar Hausa. Rabiɗa ta janye hannunta, aka kuma hana shigar da aikin Saudiyya a 1974. Bai janye ko ɗaya ba. Da taimakon abokai ya kammala, aka buga The Message of the Qur'an a Jibraltar a 1980.

Har yau ra'ayi ya rabu a kansa. Masu yabo suna cewa samun fassarar Ingilishi da ta kai ta zurfin harshe da bayani yana da wuya, kuma ta zama ƙofar shiga Musulunci ga Turawa da dama da ƴaƴan Musulmin da suka tashi a Turai da Amurka. Masu suka kuwa suna gargaɗin kada mai ƙaramin sani ya karanta sharhin ba tare da malami ba.

Ƙarshen tafiya

Halin tambaya da ya fitar da shi daga gidan kakansa, ya hana shi bin Sahayoniyawa, ya kuma hana shi bin gurguzu, bai bar shi ba bayan ya musulunta. A shekarunsa na ƙarshe ya nuna takaici kan tsattsauran ra'ayi da ya ga yana yaɗuwa, da kuma yadda ake rufe ƙofar ijtihadi. Ya sha nuna cewa tsakanin Musulunci da halin da Musulmi suke ciki akwai tazara mai nisa, amma bai taɓa cewa ya yi nadamar zaɓinsa ba.

Shugabannin Pakistan, ciki har da Janar Ziya'ul Haq, sun nemi ya koma can ya zauna, bai koma ba. Daga Maroko ya ƙaura zuwa Fotugal, daga nan sai Sifaniya, inda ajali ya same shi.

A watan Afrilun 2008 hukumomin Biyana, birnin da aka kwashe mahaifinsa daga cikinsa zuwa sansanin mutuwa, suka sa wa wani dandali da ke gaban ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya sunan Muhammad Asad. A shekarar ce kuma aka fitar da wani fim na tarihi da ya bi sawun tafiyarsa daga Lviv zuwa Makka. A Lviv ɗin ma, cibiyar Musulunci da aka buɗe a 2015 sunansa take ɗauke da shi.

Kabarinsa yana Garanada, birni na ƙarshe da Musulmi suka mulka a Andalus kafin faɗuwarsa a 1492.